Ƙasar da Iya Ta Tara a Kan Dutse

Ranar da Iya ta rasu ban ji wanda ya tambayi ciwon da ya ɗauke ta ba. Kowa ya san tsufa ne. Abin da ke bakin mutane guda ɗaya ne: a ina za a sa ta?

Ina tsaye a ƙofar aji, a makarantar da nake koyarwa a Rijiyar Zaki, ko takwas ba ta yi ba, Baffa ya kira ni. Baffa ƙanen mahaifina ne, shi ne babba a gidanmu tun rasuwar mahaifin nawa. Ya ce, "Malam, sai haƙuri. Matar taka ta tafi." Iya kakata ce ta wajen uba, kuma tun ina goye take kirana Maigida, ni kuma da na yi baki nake ce mata Amarya, irin wasan jika da kaka. Na yi salati, na ce yaushe? Ya ce, "Bayan asuba. Ta idar da salla ta jingina da bango, shi ke nan. Ka yi sauri, akwai magana."

Na san maganar. Duk wanda ya san Iya ya san ta.

Garinmu gari biyu ne, can bayan Bagwai, inda hanyar mota take ƙarewa a koma bin burtali. Akwai Gangare, inda makaranta da famfo da injin niƙa suke. Akwai kuma Bisa, tsohon garin, a kan dutse, tafiyar kusan awa guda ga mai lafiyar ƙafa. Babur ba ya hawa. Jaki ma rabin hanya yake kaiwa ya toge. A Bisa Iya ta zauna tun ranar da aka kai ta ɗakin miji, a nan kuma take so a rufe ta, kusa da shi. Matsalar ita ce Bisa dutse ne. In ka kafa diga, kafin ka yi kamu guda za ka ji ƙarfe ya yi ƙara. Tsohuwar maƙabartar ta cika tun ina firamare, daga nan duk wanda ya rasu a Bisa sai a ɗora shi a makara a sauko da shi Gangare. Iya ta ce ita kam ba za a sauko da ita ba. Ta yi shekara fiye da ashirin tana tara ƙasar kabarinta da kanta.

Na tarar da mutane a gindin tsamiyar da ke bakin hanyar hawa. Maza sun yi cirko-cirko, wasu na cewa a hau, wasu na cewa a jira a nan tunda dai saukowa za a yi da ita. Wani tsoho mai jaki, wanda ya daɗe yana kai mata gishiri da kanwa rabin hanya, yana zaune a kan saiwar tsamiyar yana ta faɗin, "Kai, Iya. Kai, Iya," ba ya ƙara komai a kai. Matar liman kuwa na gan ta tsaye da ƙwarya cike da ƙasa. Ta ɗebo ne kamar yadda ta saba, sai da ta miƙe sannan ta tuna. Ta dube ni hawaye na zuba, ta ce, "Malam, to yanzu wa zan ba?" Na wuce ta na fara hawa, ban ɗebi ko tafi ɗaya ba, don zuciyata ta riga ta gaya min saukowa za a yi da ita.

Ina rubuta wannan ne saboda na lura jikokinta na birni abin da suka riƙe game da ita bai wuce "tsohuwar nan mai sa mutane dakon ƙasa" ba. Wallahi ta wuce haka, kuma ba na so a manta.

Ba ita ta ƙirƙiro al'adar ba. Kakanninmu da suka gudo kan dutsen nan zamanin hare-hare sun tarar da falalen dutse ne tsirara, sai 'yar ƙasa a cikin tsagogi. Sai suka riƙa jera duwatsu kamar bakin rijiya, su cika da ƙasar da suka ɗauko daga gangare, su zuba tokar murhu da kashin awaki. A irin waɗannan 'yan fegi ake shuka barkono da kuɓewa da yakuwa, har da gero. Kowace damina ruwa sai ya wanke wani abu ya mayar da shi inda aka ɗebo shi. Don haka ta zama doka: ba a hawa Bisa hannu rabbana. Gaisuwa ka zo, ko barka, ko neman aure, ka ɗebo ƙasa ko a hula ce. Da mutane suka yi ta sauka suna bin ruwa da makaranta, gidaje suka dawo bakwai, sannan biyar, al'adar ta fara sanyi. Iya ce ta ƙi sakinta.

Ɗakinta ne na farko in ka ƙarasa hawa, zagayayyen ɗaki na jinka, da ɗan rumbu a gefe an ɗora shi kan duwatsu. Akwai wani shimfiɗaɗɗen dutse a ƙofar, a nan take wuni tana ɓarar gyaɗa, tana hango duk mai tahowa tun yana can ƙasa. Za ka iso kana haki, ka yi sallama, ta amsa, sai ta ce, "Ina take?" Ka miƙa. Ta damƙa, ta murje, ta shinshina.

"Wannan ta bakin rafi ce. Yashi ne zalla. Don kunya ka ɗebo ta, ba don Allah ba."

Ko kuma ta ce, "A'a! Wannan ta gonar liman ce, ta sha taki. Ya san ka ɗiba kuwa?"

Ban taɓa ganin ta yi kuskuren gona ba. Da waya ta zo, aka gane cewa a Bisa ne kaɗai ake samun sabis mai kyau, samarin Gangare suka dinga hawowa suna kiran 'yan matansu. Iya ta ce madalla, Allah ya kawo mata leburori. Babu wanda ya isa ya ce "halo" a kan dutsen nan bai zube mata cikin leda ba. Abin da aka kawo kashi biyu take yi. Kashi ɗaya ta aika wa duk wanda ruwa ya ci feginsa a shekarar. Ɗayan ta kai ɗakinta.

"Ɗakina" take ce masa. Wani lungu ne tsakanin manyan duwatsu biyu a gefen tsohuwar maƙabarta, taku biyar daga kabarin kakana, ga kuma ƙananan kaburbura uku na 'ya'yanta da ba su kai yaye ba. Ta toshe bakin lungun da jeren duwatsu, ta zuba ƙasa, ta tattake da ƙafa, damina ta zo ta danne mata. Ba ta shuka komai a wurin. Tana da wata sandar ƙirya mai tsini da take cakawa ta auna zurfi, ta yi mata zane da wuƙa daidai ƙirjinta, don liman ya ce in ƙasar ta kai nan ta isa. Wasu suka yi ta gulma wai tana kiran mutuwa. Ta ce, "Likkafani ma ai saye ake yi a ajiye. Wa ya taɓa mutuwa don ya sayi yadi?"

In na je sai ta ja ni. "Maigida, zo ka ga ɗakina. Ya kai gwiwa."

In ce, "Amarya, wato guduna kike shirin yi ki koma wa tsohon mijinki?"

Ta ce, "Ai ya fi ka. Shi da kwando yake hawowa, kai kullum sai 'yar leda kamar mai sayen yaji."

Akwai abin da na yi mata wanda har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni. Lokacin na gama kwalejin horon malamai, na karanta aikin gona, ina ji da kaina ba kaɗan ba. Da na karɓi albashina na farko sai na sayi buhun takin zamani guda, na ɗora a ka na hau da shi, wuyana kamar zai karye. Na dire a gabanta, ga Gwaggo ƙanwar mahaifina a zaune, ga maƙwabta sun taru suna kallo. Ta ce, "Ina take?" Na ce, "Amarya, yau na kawo miki wadda ta fi ta." Ta kwance bakin buhun, ta ɗebo fararen ƙwayoyin ta duba, ta ce gishiri ne? Nan fa na buɗe baki na yi ta zuba. Na ce tafi ɗaya na wannan ya fi ƙwarya goma ta ƙasa, na ce zamanin dakon ƙasa ya wuce, na ce wahalar banza ce mutane suke sha. Har da Turanci na haɗa, Allah ya yafe min. Ta bar ni sai da na gama tsaf. Sannan ta ce, "To Maigida, na ji karatu. In na mutu, da wannan za ka rufe ni?"

Ta sa aka rarraba takin wa maƙwabta, ta kakkaɓe buhun ta miƙo min, ta nuna min hanya da haɓa. Ranar sau biyu na hau dutsen nan. Da na dawo da buhun ƙasa, rana ta yi sanyi, na tarar ta dama min fura da nono mai kauri. Ta zaunar da ni ta shafa min man kaɗanya a wuya, tana cewa, "Sannu Maigida, sannu. Ai takin ma ba laifi, barkono zai ji daɗi." Buhun kuwa ta riƙe. Ta rataye shi a ɗaki, in ya yage ta yi masa faci, sunansa ya zama buhun Maigida.

Rigimarta da Baffa ta fi wannan tsawo. Baffa ya gina mata ɗaki a gidansa na Gangare, na siminti da kwano, har da taga mai gilashi. Kuma in za a faɗi gaskiya Baffa yana da hujja. Shi ne ya taɓa goyo ta a bayansa ya sauko da ita lokacin da zazzaɓi ya kusa kai ta. Ya ce, "Iya, ba don kaina ba ne. In kika kwanta da damina, wane mai allura ne zai hawo?" Ta yarda ta sauko. Kwana goma sha tara ta yi. Ta ce kwanon gasa ta yake, ta ce ruwan famfo ƙarfe-ƙarfe yake yi, ta ce abin da ya fi damunta ba ta ganin hadari sai ya zo kanta. A Bisa tun ruwa yana can wajen Bagwai take hango shi, ta ƙwalla wa mata kira su kwashe shanya. A rana ta ashirin, da hantsi, aka ga ta kama hanya da sandarta, ta ƙulle ƙasar tsakar gidan Baffa a gefen mayafi.

Baffa ya yi fushi, ya ce shi dai ba zai ƙara ɗaukar ƙasa ya kai Bisa ba. Na taɓa yi masa magana, ya ce, "Malam, kai jika ne, wasa kake yi da ita. Ni uwata ce. Ba zan taya uwata tara kabarinta ba, zuciyata ba za ta ɗauka ba." Bai fasa zuwa ba kuwa. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci zai hau da goro da sukari da sabulu. Ya yi sallama, ta amsa, ta ce, "Ina take?" Ya ce, "Babu." Ta ce, "To zauna." Su yi hirarsu lafiya lau. Shekara goma sha biyar suna wannan, ba ta fasa tambaya ba, bai fasa cewa babu ba.

Sai maƙwabciyarta, matar marigayi wanzamin Bisa. Waɗannan biyun tun ina yaro nake jin faɗansu, kuma kullum a kan abu ɗaya: awakin matar wanzami suna ci wa Iya barkono. Ta katanga suke yi, wannan ta ce mai baƙar rowa, wannan ta ce uwar ɓarayi. In ɗaya ta kwanta ciwo ɗayar ce za ta kawo kunu, ta dangwarar, ta ce, "Sha, kar ki mutu ki bar ni da awakinki." Damina uku da suka wuce, a tsakiyar marka, an kwana uku ana ruwa, matar wanzami ta cika. Hanyar sauka ta zama rafi, duwatsu sun yi santsi, mutum shi kaɗai ma da rarrafe yake bi, balle mutum huɗu da makara. Maza suka tsaya a zaure suna kallon juna. A lokacin ɗakin Iya ya riga ya kai zanen sanda, har ta aiko min da albishir a watan da ya gabata. Gwaggo ta ba ni labari, ta ce sai ga Iya ta fito cikin ruwan da buhu a ka, ta ce, "Ku sa ta a ɗakina."

Gwaggo ta ce, "Iya! Shekara ashirin fa!"

Ta ce, "To a bar ta ta kumbura a ɗaki? Ta ci min barkono, bari ta ci wannan ma."

Aka sa ta. Abin da ya rage a lungun gefe ɗaya ne, shi ma an yashe rabin ƙasarsa an ɗora wa sabon kabarin. Na je a satin. Na same ta a wurin tana caka sanda, ƙasar ko gwiwa ba ta kai ba. Na fara tsokanarta kamar kullum, ba ta biye min ba. Ta ce, "Maigida, ina jin tsoro ba zan kai ba." Wannan ce rana ɗaya tak da na ga tsoro a fuskar Iya. Na ce za ki kai, in sha Allahu. Na yi alkawarin zan riƙa zuwa duk wata da buhu. Na zo sau huɗu a shekarar farko, sau biyu a ta biyu. Aiki, yara, ciwon baya, ban rasa abin faɗa wa kaina ba. Wannan ita ce nadamata, kuma da ita zan zauna.

Da ƙaramar sallar da ta wuce na je da babbar 'yata, wadda take jami'a. Ta hau da daro guda na ƙasa, Iya ta duba ta ce wannan kishiyar tawa ta fi ubanta hankali. Suna zaune a kan dutsen ƙofa sai yarinyar ta ce, "Iya, kin san akwai irinku a wata duniyar?" Ta buɗe waya ta nuna mata wani ƙauye a can wani tsibiri na ƙasar Indonesiya, na wasu mutane da ake kira Manggarai. Ƙauyen a saman tsaunuka yake, gajimare na yawo a tsakanin ɗakuna, kuma sai an yi awoyi a ƙafa cikin kurmi kafin a kai. Ɗakunansu zagayayyu ne masu tsini, jinkar ta sauko har kusan ƙasa, manya ƙwarai, iyalai da yawa a ɗaki guda da murhu a tsakiya. Iya ta karɓi wayar ta kai ta dab da ido.

"Kai! Wa ya yi musu wannan baibaya? Wannan ya iya. Ruwa ba zai ga hanya ba." Ta ƙara dubawa. "Su ma da ƙafa suke hawa?"

"Da ƙafa, Iya. Gahawa suke nomawa, su goyo ta a baya su sauko da ita."

"Yaransu fa?"

"Makaranta a gangare take. Sauka suke yi su zauna can."

Ta gyaɗa kai ta ce, "Ashe ko'ina haka ne." Ta daɗe tana kallon ciyawar da ta yi kore shar har bakin ƙofofinsu. Sannan ta ce, "Su dai Allah ya ba su ƙasa. Dubi baƙinta. Waɗannan ba a sauko da tsofaffinsu." Yarinyar ta ce ba ta sani ba, ba a nuna ba. Iya ta ce, "Ni na sani. Mai irin wannan ƙasa me zai kai shi gangare?" Ta mayar da wayar, ta ce in an samu mai zuwa a gaishe su.

To, ranar da ta rasu, da na ƙarasa hawa na tarar Gwaggo da mata sun gama yi mata sutura da likkafanin da ta ajiye. Baffa da liman da mai unguwa suna lungun. An auna ta da kara, an fara haƙa. Ina isowa na ji digar ta yi ƙarar nan da kowa yake tsoro. Liman ya karɓi sandar ƙiryar ya caka. Ta ɗan wuce gwiwa, zanen yana can sama.

Ya girgiza kai ya ce, "Bai kai ba. In muka sa ta haka, karnuka da dila ba za su bar ta ba, ruwan farko ma zai iya buɗe ta. Ina ƙaunar Iya, amma ba zan yi mata wannan ba."

Baffa ya ce, "To a kawo makara."

Gwaggo tana can bayan dutse inda mata suka tsaya, ta ɗaga murya ta ce, "Yaya, ta ce kar a sauke ta."

Baffa ya juya a fusace ya ce, "Ni na ce dutse ya zama dutse? Ni na ba da ɗakin nata?" Ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hannun riga, mutum mai shekara kusan saba'in.

Aka aike ni in ɗauko tabarmar da za a shimfiɗa a makara. Ina shiga ɗakin na ga buhuna a rataye, duk faci, rubutun jikinsa ya goge. Na daɗe a tsaye. Da na fito sai na ga abin da ban lura da shi ba da farko: a gefen dutsen da take zama an yi 'yar tsibin ƙasa. Masu zuwa gaisuwa ne, kowa ya hawo da tasa don hannu ya saba, ya rasa mai karɓa ya zube a nan. Ga matar liman ta iso tana juye ƙwaryarta a kai.

Na koma lungun da buhun a hannu maimakon tabarma. Na ce, "Allah gafarta Malam, in ba a iya yin ƙasa ba, ba a iya yin sama? A kwantar da ita a nan, a ɗaga jeren duwatsun, a cika har ya kai zanen."

Liman ya shafa gemu. Ya ce, "Abin da ake so a suturta ta, a tsare ta. In ginin ya yi ƙarfi, ƙasar ta kai, babu laifi. Amma Malam, ka san yawan ƙasar da kake magana? Ga zafin nan na bazara. Ba zan bar ta ta wuce la'asar ba. In an kira salla ba ta kai ba, sauka za mu yi."

Mai unguwa ya hau kan dutse ya kira Gangare a waya. Ban san me ya faɗa ba. Na dai san kafin in kai gindin tsamiya da buhuna an fara fitowa da kwanduna da darurruka da bokitai. Tsohon nan mai jaki ya cika mangala yana kaiwa rabin hanya yana dawowa. Daga nan mutane suka jeru a kan hanyar, wannan ya miƙa wa wannan. Samarin da take karɓar musu ƙasar waya su ne suka tsaya a wurare masu wuyar hawa. Mata suna kaiwa ƙofar ɗakinta su tsaya, maza su ƙarasa. 'Ya'yan matar wanzami uku ba su ɗauki ƙasa ba, duwatsu suka yi ta gangarowa da su suna ɗaga ginin, babbansu yana yi yana kuka. Aka tsaya aka yi azahar a gurguje aka koma. Ba a yi hayaniya ba, ba ka jin komai sai haki da "karɓi" da "sannu".

Ina cikin layin, wajen ƙarshen hawa, sai na ga ana matsawa gefe. Baffa ne. Ban san lokacin da ya sauka ba. Ya tuɓe babbar rigarsa ta zuwa masallaci, ya cika ta da ƙasa ya ƙulle, ya ɗora a ka ko gammo babu, daga shi sai 'yar shara. Jar ƙasa ce, na gane ta, ta tsakar gidansa ce, ta ƙofar ɗakin nan mai tagar gilashi. Duk wanda ya miƙa hannu zai karɓa sai ya kauce. Na ce, "Baffa, kawo in ƙarasa maka." Ko kallona bai yi ba. Na bi bayansa ina jin numfashinsa, ina tsoron kar mu yi biyu a rana ɗaya.

Da ya kai ƙofar ɗakinta bai wuce ba. Ya tsaya a gaban dutsen da take zama, ƙasa na zubo masa a wuya. Ya yi sallama. Ya ɗan jira, kamar yadda ya saba jira duk Juma'a. Sannan ya ce, "Ga ta, Iya."

Mun sallace ta a kan falalen dutse, muka kwantar da ita taku biyar daga mijinta, kafaɗa da kafaɗa da matar wanzami. Aka jera itace, aka lulluɓe, aka yi ta zubawa ana takawa. Liman ya tsayar da sandar a jikin ginin, ƙasar ta rufe zanen har ta ɗan haura. Muna shafa addu'a aka kira la'asar a Gangare.

Allah ya jiƙan Iya, ya yalwata mata ɗakin nan da ta sha wahalar tarawa, ya sa sauƙin da ta yi wa maƙwabciyarta ya tarar da ita a can. Ya yafe mana mu da muka yi alkawari muka gaza. Wanda duk ya karanta wannan ya yi niyyar zuwa yi mana gaisuwa, Baffa yana Bisa duk Juma'a, a kan dutsen ƙofar. Akwai sauran tsofaffi huɗu a can, kuma ya fara toshe wani lungun. Ku ɗebo ta gona, kar ku ɗebo ta bakin rafi, don yanzu shi ne yake tambaya.